Adelheid: Tsohon sunan Jamusawa da ya haifi Alice, Heidi da wani birni a Ostireliya

Da wuya a ce mutum ya yi makaranta ko aiki a Jos, Kaduna ko Yola bai taɓa haɗuwa da wata mai suna Alice ba. Suna ne da ya zauna daram a gidajen Kiristocin Arewa, har wasu ke ɗauka daga Littafi Mai Tsarki aka samo shi, kamar Saratu ko Rahila ko Maryamu. Amma ko an bi littafin shafi-shafi ba za a ga Alice a ciki ba.

Wasu kuma sun ɗauka na Turawan Ingila ne gaba da baya. Nan ma ba haka ba ne. Ingila aro ta yi daga Faransa, ita kuma Faransa gutsuro shi ta yi daga wani dogon suna na tsoffin ƙabilun Jamus wanda ya haura shekara 1,000 a bakin mutane, wato Adelheid, da ake furtawa kamar "Adelhait".

Ba Alice kaɗai wannan suna ya haifa ba. Heidi, Adelaide, Alicia, Alison, Alix da Elke duk daga tsatsonsa suka fito. Sai dai a Jamus kanta yau, in ka ji an kira Adelheid, kafin ka waiga ka san mai furfura za ka gani. Uwar ta tsufa a gida, 'ya'yan ne ke yawo a duniya.

Me sunan yake nufi?

Kafin Kiristanci ya kai musu sunayen annabawa da waliyyai, tsoffin Jamusawa kalma biyu suke haɗawa su yi wa jariri suna. A tsohon Jamusanci sunan shi ne Adalheidis. Kashin farko, "adal", na nufin asali mai daraja ko jinin sarauta. Na biyun, "heid", na nufin iri, ko hali, ko kama. In aka haɗa, abin da ya fi kusa da shi a Hausa shi ne 'yar asali, ko 'yar gidan girma.

Dukkan kalmomin biyu suna raye a Jamusancin yau. "Adel" ita ce kalmar da suke kiran masu sarautar gado da ita. "Heit" kuwa ta koma ɗafin ƙarshen kalma, tana irin aikin da "-taka" ke yi a mutuntaka da jarumtaka. Da ita suke gina Freiheit, wato 'yanci, da Wahrheit, gaskiya, da Gesundheit, lafiya.

Maza ma sun samu rabonsu daga "adal". Adalbert ne ya gajarce ya zama Albert. Adalwolf, wato kyarkeci mai daraja, shi ya zama Adolf, sunan da Hitler ya ɓata har iyaye a Jamus suka guje shi bayan 1945.

Kunnen Bahaushe na iya jin kamar Adelheid 'yar uwar Adila ko Adil ce. Babu dangantaka. Waɗannan daga Larabci suke, daga kalmar adalci. Haka Heidi ba ta haɗa komai da Hadiza ba, kamar sauti ce kawai.

Yadda dogon sunan ya rarrabu ba zai ba mu mamaki ba, mu da muka mayar da A'ishatu ta zama Shatu da A'i da Indo, Hadizatu ta zama Dije. Baƙon da bai san gari ba ba zai taɓa cewa Indo da A'isha suna ɗaya ba ne. Haka Faransawan da suka tauna Adalheidis ya koma Adelais, daga nan Aalis, har ya tsaya a Alice. Normawa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066 suka tsallaka da shi. Alison sunan shagwaɓa ne na Alice a tsohon Faransanci. Mutanen gaɓar teku a arewacin Jamus suka riƙe kan sunan suka ce Elke. Na kudu da na Siwizalan suka kama wutsiyar suka ce Heidi. Adele, irin na mawaƙiyar nan ta Ingila, ita kam 'yar ɗaki ce ba 'ya ba, domin daga "adal" kaɗai aka gina ta.

Bazawarar da ta ƙi auren dole

Suna ba ya yaɗuwa haka kawai, sai wani ya ɗauke shi ya kai shi nesa. Wadda ta yi wa Adelheid wannan aikin wata gimbiya ce da aka haifa wajen shekarar 931, 'yar Sarki Rudolf na Biyu na Burgundi.

Tana kimanin shekara 16 aka aurar da ita ga Lothar, sarkin Italiya, a 947. Auren bai yi nisa ba. A ƙarshen 950 Lothar ya mutu yana matashi, kuma tun a lokacin ake raɗe-raɗin cewa guba aka ba shi. Wanda ake zargi shi ne wani basarake mai ƙarfi, Berengar na Ivrea, wanda nan da nan ya hau karagar.

Berengar ya san kujerar da ya hau ba ta zauna ba muddin matar marigayin na da magoya baya da dukiya. Masu tarihi da dama sun ce dabarar da ya yi ita ce ya aura wa ɗansa ita. Sunan ɗan Adalbert, shi ma mai "adal" a ka. Adelheid ta ƙi. A 951 aka kama ta aka kulle a wani gidan sarauta mai ganuwa a bakin tafkin Garda da ke arewacin Italiya, ta yi kusan wata huɗu a tsare.

Labarin kuɓutarta ya zo a rubuce-rubucen zamanin, ciki har da na wata marubuciya 'yar zuhudu, Hrotsvitha ta Gandersheim. An ce da taimakon wani limamin coci da kuyanga guda aka haƙa rami ta ƙarƙashin gini, suka sulale da dare. Da rana su ɓuya a gonakin hatsi da fadamu, da dare su ci gaba da tafiya, mutanen Berengar na bin sawu. Daga ƙarshe ta samu mafaka a hannun masu goyon bayanta.

Sarkin Jamus na lokacin, Otto na Ɗaya, matarsa ta fari ta rasu, kuma ya daɗe da sa ido a kan Italiya. Ya tsallako tsaunukan Alps da runduna, ya shiga birnin Pavia, ya aure ta kafin shekarar 951 ta ƙare. Masu son labarin soyayya sukan ba da shi a matsayin jarumi ya ceci gimbiya. A ganina lissafi ya fi soyayya yawa a ciki, kuma ta ɓangare biyu. Shi yana neman hujjar mallakar Italiya, ita tana neman takobin da zai ƙwato mata haƙƙinta. Kowa ya samu abin da ya fito nema.

Ranar 2 ga Fabrairun 962 Fafaroma ya naɗa Otto sarkin sarakuna a Rum, aka sa wa Adelheid kambu tare da shi. Daga wannan naɗi ne masu tarihi da yawa ke fara ƙirga daular da daga baya aka kira Daular Rum Mai Tsarki, wadda ta kai har 1806. A takardun fada ana ambatonta a matsayin abokiyar mulki, kuma sunanta ya fito a takardu masu yawa a matsayin wadda ta sa baki aka yi kyauta ko aka ba da fili.

Bayan rasuwar Otto a 973 sai rigimar cikin gida ta taso, irin wadda kowane gida ya sani. Ɗanta Otto na Biyu ya auri Theophanu, gimbiya daga daular Rumawan Gabas mai hedikwata a birnin da yau ake kira Istanbul. Suruka da matar ɗa ba su jitu ba. Abin ya kai Adelheid ta bar fada a 978 ta koma wajen ɗan'uwanta a Burgundi, sai a 980 aka sasanta ta da ɗan nata.

Mutuwa ce ta tilasta wa matan biyu haɗa kai. Otto na Biyu ya rasu a 983 ya bar magaji ɗan shekara uku. Wani ɗan'uwan gidan, Heinrich na Bavariya, wanda tarihi ya yi wa laƙabi da Mai Rigima, ya ɗauke yaron yana neman sarautar wa kansa. Uwa da kaka suka ajiye gabarsu, suka tara manyan ƙasa a bayansu, a 984 ya miƙo yaron. Theophanu ta yi riƙon ƙwarya har ta rasu a 991, sannan kakar ta karɓa tana da shekara 60, ta riƙe daular har jikan ya kai munzali wajen 994. Akwai kuɗin azurfa na wancan zamani da aka buga da sunan Otto da nata, waɗanda har yau ake tono su a ƙasashen arewacin Turai.

Ta ƙare rayuwarta a gidan ibadar da ta gina a Selz, yankin Alsas na Faransa ta yau, ta rasu ranar 16 ga Disamban 999. A 1097 Fafaroma Urban na Biyu ya ayyana ta waliyyiya. Daga nan sunan ya samu ƙafa biyu: masu sarauta na sa wa 'ya'yansu don sarauniya, talakawa na sawa don waliyyiya.

Yadda ya kai Ostireliya, da abin da ya shafi Legas

Shekara 800 bayan haka wata Adelheid ta fito daga ƙaramar masarautar Saxe-Meiningen a tsakiyar Jamus. An haife ta a 1792. Ingilishi ya mayar da sunanta Adelaide.

A 1817 gidan sarautar Ingila ya shiga tsaka mai wuya. Gimbiya Charlotte, jika ɗaya tilo ta halak da Sarki George na Uku yake da ita, ta rasu wajen haihuwa. Sai 'ya'yan sarkin, waɗanda duk sun manyanta, suka bazama neman aure don a samu magaji. Ɗaya daga cikinsu, William, yana da shekara 52 da 'ya'ya goma da ya haifa da wata 'yar wasan kwaikwayo ba tare da aure ba, waɗanda doka ba ta ba su gadon sarauta ba. Shi aka haɗa da Adelaide mai shekara 25. Aka ɗaura auren a Yulin 1818, rana ɗaya wuri ɗaya da na ƙaninsa Edward.

Auren ya yi albarka ta fuskar zaman lafiya. Ta karɓi 'ya'yan mijin, ta rage masa almubazzaranci. Haihuwa ce ba ta zo da sauƙi ba. 'Yarta ta fari ta rasu ranar da aka haife ta a 1819. Ta biyu, Elizabeth, an haife ta a Disamban 1820, ta rasu a Maris ɗin 1821 ba ta cika wata uku ba. Sauran cikin duk ba su zo da rai ba.

William ya zama sarki a 1830. Da ya rasu a 1837 babu ɗan halak, sai sarauta ta faɗa kan 'yar ƙanin nan nasa Edward, wata budurwa mai shekara 18. Sunanta Victoria.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Da jaririya Elizabeth ta rayu, ita ce a gaban Victoria a layin gado. Ke nan da babu zamanin Victoria, da unguwar masu kuɗin nan ta Legas ba ta ci sunan Victoria Island ba, haka babban tafkin gabashin Afirka, haka garin Limbe na Kamaru wanda ya amsa sunan Victoria har zuwa 1982.

Ita kuwa Adelaide, wadda ba ta bar ɗa ba, ta bar birni. A 1836 Turawan Ingila suka kafa sabon mazauni a kudancin Ostireliya, a ƙasar mutanen Kaurna waɗanda ke kiran wurin Tarndanya, suka sa masa sunan matar sarki. Yau Adelaide na da mutum sama da miliyan ɗaya. Kimanin kilomita 1,500 arewa da shi, a tsakiyar hamada, akwai garin Alice Springs, wanda ya ci sunan Alice Todd, matar jami'in da ya jagoranci jan wayar tangaraho ta ratsa nahiyar. Jirgin ƙasa na haɗa garuruwan biyu. Fasinjan da ya tashi daga Adelaide ya sauka a Alice, daga suna ɗaya ya tashi ya sauka a kansa.

Alice ta koma gida, ba a gane ta ba

Sarauniya Victoria ta sa wa 'yarta ta biyu Alice a 1843, abin da ya taimaka wajen farfaɗo da sunan a Ingila. Littafin Lewis Carroll na 1865, kan yarinyar da ta faɗa ramin zomo ta tsinci kanta a duniyar al'ajabi, ya ƙarasa aikin.

Gimbiya Alice ta yi aure a Hesse, cikin Jamus, wato sunan ya koma inda ya fito. Amma ya sauya kama har 'yan gida ba su iya furta shi yadda take so ba, kuma an ruwaito tana ƙorafin yadda Jamusawa ke murɗe shi. Da ta haifi 'ya a 1872 sai aka sa mata Alix. Wannan Alix ita ce ta auri Sarki Nicholas na Biyu ta zama sarauniyar Rasha ta ƙarshe, wadda 'yan juyin juya hali suka harbe tare da mijinta da 'ya'yansu biyar a 1918.

Wata jikar gimbiyar, ita ma Alice, ita ce mahaifiyar Yarima Philip, kakar Sarki Charles na yanzu. Da lalurar rashin ji aka haife ta. A lokacin da sojojin Hitler suka mamaye Girka ta ɓoye wasu iyalin Yahudawa a gidanta a Atens. A Ƙudus aka binne ta.

Marainiya mai kiwon awaki

Duk da wannan jerin sarauniyoyi, wadda ta fi kowa tallata sunan ba ta taɓa rayuwa ba. A 1880 wata marubuciya 'yar Siwizalan, Johanna Spyri, ta fitar da labarin Heidi, kashi na biyu ya biyo a 1881. Marainiya ce 'yar shekara biyar da innarta ta kai wa kakanta, wani tsoho mai zafin rai da ke zaune shi kaɗai a kan tsauni sama da garin Maienfeld. Can ta saba da awaki da iska da madara. Daga baya aka ɗauke ta zuwa birnin Frankfurt don ta zama abokiyar zaman wata 'yar masu kuɗi da ba ta iya tafiya.

A gidan ne sunan ya zama abin faɗa. Uwargidan da ke kula da gidan ta ce Heidi ba sunan kirki ba ne, ta tambayi sunan yanka, aka ce Adelheid, irin na mahaifiyarta. Daga ranar ba ta sake kiranta da wani suna ba. Yarinyar kuwa ba ta san kanta da wannan suna ba. Duk wanda aka taɓa kai shi riƙo birni aka sauya masa suna da kaya da yadda zai zauna a ci abinci zai gane abin da marubuciyar ke nufi.

Ina ganin wannan littafi ya yi wa dogon sunan illa ba da niyya ba. Miliyoyin yara sun tashi suna jin Heidi da muryar kaka da ƙawaye, suna jin Adelheid da muryar mai tsawa. An fassara littafin zuwa harsuna sama da 50. Amurka ta yi fim ɗinsa a 1937 da Shirley Temple. A 1974 Japan ta mayar da shi zanen katun mai kashi 52 ƙarƙashin Isao Takahata, tare da Hayao Miyazaki cikin ma'aikatan, kuma wannan katun ne ya kai Heidi gidajen talabijin na ƙasashen Larabawa da Turai da Latin Amurka. A 2023 hukumar UNESCO ta sa takardun Spyri da na Heidi cikin kundin abubuwan tarihin duniya da take karewa.

A Afirka

Ta hanyar mishan da mulkin mallaka sunan ya shigo nahiyarmu, amma waɗanda suka ɗauke shi ba duka suka yi wa masu kawo shi biyayya ba. Adelaide Casely-Hayford, haifaffiyar Firitawun ta Saliyo a 1868, ta girma a Ingila, ta yi karatun kiɗa a Stuttgart ta Jamus, ta auri lauya kuma ɗan kishin ƙasar Gana J. E. Casely Hayford. A 1923 ta buɗe makarantar koyon sana'a ta 'yan mata a Firitawun, da nufin yarinya ta iya riƙe kanta kuma ta yi alfahari da zamanta baƙar fata. Ta rasu a 1960, shekara guda kafin Saliyo ta samu 'yanci.

A Afirka ta Kudu akwai Adelaide Tambo, ma'aikaciyar jinya kuma matar shugaban ANC Oliver Tambo. Ta yi shekara 30 tana gudun hijira a Landan, tana aiki tana riƙe gida yayin da mijin ke yawon neman goyon bayan duniya. Ta dawo a 1990, ta shiga majalisa a 1994, ta rasu a 2007.

'Yar masaƙi a majalisa

A Jamus ta yau gutsattsarin sunan ne ke cikin labarai. Heidi Klum a duniyar ado da talabijin. Alice Weidel a shugabancin jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi. Elke Büdenbender, alƙaliya kuma matar Shugaba Frank-Walter Steinmeier, wadda mijin ya ba ta ƙodarsa guda a 2010. Uku ɗin nan ba su yi kama da juna ta ko'ina ba, kuma ba lallai ne mai karanta jarida a Balin ya lura cewa takwarorin juna ne ba.

Ita kuwa sarautar gadon da sunan ke yabo, doka ta taɓa ta tun 1919. A Jamus kundin tsarin mulkin Weimar ya soke gatan masu sarauta, ya bar musu laƙabin a matsayin wani ɓangare na sunan iyali kawai. Maƙwabciyarta Ostiriya, mai magana da Jamusanci ita ma, ta wuce nan, kuma a can ne wata Adelheid ta shigo labarin.

An haifi Adelheid Popp a 1869 a gefen birnin Biyana, auta a gidan wani masaƙi matalauci mai shan giya, wanda ya mutu tana ƙarama. Shekara uku kacal ta yi a makaranta. Tana da shekara goma aka cire ta ta shiga aikatau da ɗinki, daga baya masana'anta. Da dare take karatu da kanta. Ta shiga ƙungiyar ma'aikata, ta zama mai jawabi a tarurruka, a 1892 ta zama editar jaridar mata ma'aikata.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya daular gidan Habsburg ta rushe, mata suka samu 'yancin zaɓe. A 1919 mata takwas suka shiga majalisar ƙasar karon farko, Popp na cikinsu. Ita ce macen da ta fara yin jawabi a zauren, kuma batun da ta tashi a kai shi ne ƙudurin soke sarautar gado da laƙabanta baki ɗaya. Mai suna 'yar asali, wadda ba ta gaji ko kujerar zama ba, ita ta tsaya ta nemi a shafe "Adel" daga dokar ƙasa.

Majalisa ta amince da dokar ranar 3 ga Afrilun 1919, kuma tana aiki har yau. Ɗan Ostiriya ba shi da izinin sa "von" a gaban sunansa, ko da jikan sarki ne. Tarar da aka yanka wa mai karya dokar ita ce kuronen 20,000, kuɗin wancan zamani. Ba a taɓa sabunta adadin ba, shi ya sa in aka juya shi zuwa kuɗin yau bai wuce santi 14 na yuro ba.